Fatar Akuya da Ƙafar Hajiya

Sana'ata fata ce. Ita na tarar mahaifinmu yana yi, ita nake yi har yau. Ina sayen fatun awaki da tumaki a hannun mahauta da 'yan ƙauye, a zuba musu gishiri, a ware masu kyau da masu huji, in kai wa masu jima. Matata kuwa a jami'a take koyarwa, fannin sinadarai. Kowa a gidanmu Malama yake ce mata, har maigadi da mai ban ruwan fulawa, ni ma bakina ya bi nasu. Mahaifiyata ce kaɗai ba ta taɓa daina kiranta Amarya ba, har bayan da 'yarmu ta fari ta shiga sakandare.

Mun daɗe a gidanmu na Nassarawa, aikina bai taɓa shiga nata ba. Abin da ya haɗa ta da fata ɗaya ne, wari. In na dawo daga sito, ta ƙofar baya nake shigowa, in tuɓe kayana a can in yi wanka, sannan a yarda in zauna a falo. Ban taɓa jin haushin wannan doka ba, don na san abin da nake kwasowa.

Hajiya, mahaifiyar tamu, a Gama take zaune, a gidan da aka haife mu, tare da yayana da iyalinsa. Ta daɗe da ciwon suga. Wata rana ta je biki da sabon takalmi, ya goge mata gefen babban yatsa. Ba ta ji ba, domin ƙafafun nata sun riga sun daina jin zafi sosai. Sai da matar Yaya ta zo zuba mata ruwan alwala ta ga wurin ya buɗe yana ruwa. Kafin a kai ga likita, ciwon ya zama gyambo. Likita ya ce a riƙa wanke shi kullum, kuma ta daina taka ƙafar. A Gama wannan ba zai yiwu ba. Mota ba ta shiga lungunmu, kuma Hajiya ba za ta ga baƙo ya shigo ta zauna ba ta miƙe ba, gidan kuwa ba ya rabo da baƙi. Sai muka shawarta da Yaya, na ɗauko ta zuwa wajenmu, muka ba ta ɗakin ƙasa mai kallon bishiyar mangwaro.

Wata nas muka samu tana zuwa kowace safiya bayan karin kumallo. Ranar farko na tsaya na gani, daga nan na koma tsayawa a bakin ƙofa. Ƙyallen ragar da ake rufe ciwon da shi yakan bushe ya manne. In nas ta zo cirewa, ko ta jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti, sai ya taho da ɗan jan naman da ya fara tsirowa jiya. Sama-saman ƙafar ba ta ji, amma can ciki tana ji. Hajiya ba mai kuka ba ce. Sai dai ta damƙe zanin gado, ta kau da kai wajen taga, ka ga leɓenta yana motsi da salati.

Malama ce ke riƙe ƙafar. Ta canza lokacin darasinta na safe don kada a yi wankin ba ta nan. Takan zauna a ƙasa ta ɗora diddigen Hajiya a cinyarta, ga warin da ya fi na sitona, ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba. Ba kau da kai take yi ba, kallon ciwon take yi sosai, har nas ta taɓa tsokanarta ko so take ta ƙwace mata aiki.

"Sista," in ji Malama wata rana, "naman da jiki ya kwana yana ginawa, mu muke cire shi da safe. Babu wani abin rufewa da ba ya mannewa?"

Nas ta ce akwai, ta taɓa ganinsa lokacin da take makaranta, daga waje ake kawowa. Wani ma ba a cire shi, narkewa yake a cikin ciwon. Amma ba kasafai ake samu ba, in an samu kuma ba kowa ke iya saye ba, sau da yawa ma kafin ya iso wa'adinsa ya kusa ƙarewa.

Bayan 'yan makonni muna cin abincin rana ranar wata Asabar, sai ta ajiye cokali ta ce, "Alhaji, gefe-gefen fatar da kuke yankewa, me kuke yi da su?"

Na ce zubarwa muke yi, sai in wani mai dafa gam ya zo ya kwasa.

"Ina son fata. Amma ba mai gishiri ba. Ta akuyar da aka yanka yanzu-yanzu."

Na yi dariya, na ce ashe dai yau doka ta faɗi. Ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shiga kicin ta ɗauko soson wanke-wanke, irin na gargajiya da ake ɓarewa daga 'ya'yan itace, ta ajiye a gabana. Ta ce in dubi yadda yake, zare-zare ne da ƙofofi. Ta ce fatar mutum da ta akuya duk a ciki haka suke, akwai wani zare da ake kira kolajin, shi ne ke riƙe da komai, ƙwayoyin halitta kuma a jikinsa suke zama. In ciwo ya yi zurfi, wannan zaren ne ya tafi, sababbin ƙwayoyin ba su da abin kamawa su haye ramin. Abin da take so ta yi shi ne ta ciro zaren daga fatar akuya, ta wanke shi daga duk wani abu da jikin mutum zai ƙi, ta mai da shi ɗan faifai mai laushi mai ƙofofi kamar soson nan. A ɗora a kan ciwo, ya riƙe danshi, naman mutum ya bi ta cikinsa ya tsiro, shi kuma a hankali jiki ya cinye shi.

Na ce, "To wasu ba su riga sun yi ba?"

"Sun yi. Da fatar saniya, da ta kifi, wasu da ta alade. Ni namu nake so, da abin da muke zubarwa a garin nan."

Haka na samu kaina da sassafe ina tuƙa matata zuwa kwata. Ta sa takalmin roba na ruwa a ƙarƙashin doguwar riga, ta rungumo kula cike da ƙanƙara. Mahautan da na yi shekara da shekaru ina ciniki da su suka tsaya suna kallonmu. Wani dattijo a cikinsu ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko matar tawa kwaɗayin ganda take yi, don ya san mata in suna da juna biyu sukan so abubuwa. Ita kuwa tana can tana zaɓa, tana juya fatu da hannunta cikin safar roba, tana tambayar shekarun akuyar da ko ta yi ƙazuwa. Kafin wata ya zagayo sun saba da ita. Da sun hango motar sai su ce ga Malama mai kula, su ware mata ta matashiyar akuya mai tsabta.

Ainihin aikin a ɗakin gwaje-gwajen jami'a take yin sa. A gida firiza kawai ta saya ta sa a ɗakin baya, ta hana kowa buɗewa. Amma labarin a gida yake ƙarewa, don duk yamma sai ta zauna wajen Hajiya ta ba ta rahoto, kamar ita ce shugabar sashen nasu. An cire gashi. An cire kitse. An jiƙa a ruwan tsami cikin sanyi, ya narke ya zama kamar koko mai kauri. Hajiya takan saurara tana jan carbi. Tambaya ɗaya ta yi da farko, kuma da gaske ta yi ta.

"Amarya, akuyar nan yankakkiya ce ko mushe?"

"Yankakkiya ce, Hajiya. A gabana ake yankawa, da bisimilla."

"To, Allah ya yi albarka. Ci gaba."

Ba a jima ba na gane cewa wannan aiki yawancinsa lalacewa ne. Na farkon da ta kawo gida ta nuna mana ya bushe ya ƙandare kamar tsohon kilishi. Wani ya fito fari tas, kyakkyawa, amma da ta ɗiga masa ruwa sai ya narke ya bi yatsunta. Wani ya yi fumfuna. Akwai lokacin da muka je ɗaurin aure Katsina, aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, muka dawo muka tarar duk abin da ke cikin firiza ya narke ya ruɓe. Na zaci za ta yi faɗa. Ta tsaya ta dube shi, ta ɗaure hanci da gyale, ta kwashe da kanta ta kai rami. Washegari ta tashe ni mu tafi kwata.

Ta fara gauraya shi da ƙaro don ya yi laushi ya riƙe ruwa. Mai ban ruwan fulawarmu mutumin Jigawa ne, shi ya riƙa taho mata da shi in ya je ganin gida. Ta ƙara zuma kaɗan saboda ƙwayoyin cuta. Sai kuma matsalar na'ura. Ƙofofin nan da take so ba sa samuwa sai an daskarar da kokon ya zama ƙanƙara, sannan wata na'ura ta zuƙe ƙanƙarar ba tare da ta narke ba, gurbin da ta bari shi ne ƙofofin. Ta sashensu ta lalace, an daɗe ana jiran kayan gyara. Sai ta samu wata abokiyar karatunta a wata jami'a a wani gari, tafiyar rabin yini, wadda tasu ke aiki. Ta riƙa tafiya da kula a kan cinya, ba ta yarda a sa ta a but ɗin mota. Direban da ke kai ta ya ce min ko sallah suka tsaya yi a hanya sai ta nemi inuwa ta ajiye kular tukuna.

Duk wannan lokaci ƙafar Hajiya tana gaba tana baya. Ciwon yakan tsuke har mu fara murna, sai ya sake buɗewa. Aka shiga damina, aka fita. Wajen ƙarshen shekarar sai yatsan ya fara baƙi. Likita ya ɗauki hoto, ya kira ni da Yaya ofishinsa, ya ce cutar ta kai ƙashi. In ba a cire yatsan da ɗan abin da ke gefensa ba, za ta haura, kuma lokacin ba yatsa za a yi magana ba.

A makon ne kuma Malama ta dawo daga tafiyarta da abin da ta daɗe tana nema. Faifai ne fari, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, mai laushi kamar cikin burodi. Ta jiƙa shi bai narke ba. Ta naɗe shi a yatsa bai tsage ba. Ta sa masa wani sinadari ne da ke ɗaure zaren da juna. Na ga farin ciki a fuskarta irin wanda ban gani ba tun ranar da aka ba ta digirinta na ƙarshe. Yara suka yi ta taɓawa. Matar Yaya tana gidan ranar, ta zo duba Hajiya, ita ma ta gani, ta koma Gama da labari.

Washegari bayan la'asar sai ga Yaya. Yayana mutum ne mai zafi amma mai son uwarsa, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinmu. Bai zauna a falo ba, ɗakin Hajiya ya wuce, ya ce a kira Malama. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malama, an ce maganin ya haɗu."

"Bai haɗu ba tukuna, Yaya. Siffarsa ce ta fito."

"An ce fari ne tas, ba ya narkewa, ba ya mannewa. Ba shi kike nema ba?"

"Shi ne. Amma ban gwada shi a kan komai mai rai ba."

"To ga mai rai nan a kwance," in ji shi, ya nuna gadon. "Jibi za a yanke mata yatsa. Ki sa mata. In ya yi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, dama yankewar za a yi. Me aka rasa?"

Na ga maganarsa ta shiga kunnen kowa a ɗakin. Malama ta sunkuyar da kai, ta yi magana a hankali. Ta ce abin da ya sa faifan ya yi ƙarfi sinadari ne mai guba, ta wanke shi iya wankewa, amma ba ta da tabbacin ya fita duka. Ta ce ba ta tabbatar babu ƙwayar cuta a cikinsa ba. Ta ce ko da lafiyayye ne, ba ya maganin ƙashin da ya riga ya kamu, kuma duk kwanan da aka ƙara ana jiran a ga aikinsa, cutar tana hawa ne. Akwai matakai, sai an gwada a kan ƙwayoyin halitta a kwano, sannan dabbobi, sannan hukumar asibiti ta duba ta yarda, kafin ya taɓa jikin mutum.

"Matakai," in ji Yaya. "Shekara guda kina wahalar da ƙanena zuwa kwata, kin cika gida da wari, yau uwarmu tana bukata kin ce matakai. Da mahaifiyarki ce a kwance, haka za ki ce?"

Mahaifiyar Malama ta rasu tun tana 'yar makaranta, Yaya ya sani. Na buɗe baki zan yi magana, sai ta riga ni.

"Wallahi Yaya, da ita ce, haka zan ce. Kuma Hajiya ita ce uwar da nake da ita."

Sai Hajiya ta ɗago hannu. Ta ce da Malama ta matso. Ta matsa har bakin gadon.

"Amarya, ni na yarda. Ko me ya faru na yafe miki, duniya da lahira. Ki sa min."

Wannan ya fi na Yaya nauyi, kowa ya san haka. Na ga hawaye ya zubo wa Malama, ta kama hannun Hajiya da hannu biyu. Ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Ban taɓa ƙin maganarki ba tun da na shigo gidan nan. Wannan ba zan iya ba. Ban san abin da ke cikinsa ba, ba zan sa miki abin da ban sani ba."

Hajiya ta dube ta. Sannan ta juya wajen Yaya ta ce, "Kai, ƙyale ta. Wadda ta shekara tana riƙe ƙafar nan a cinyarta ba ƙina take yi ba. Ku kai ni a cire."

Aka yi tiyata, aka cire yatsan da ɗan gefensa. Hajiya ta dawo gidanmu jinya. Malama ta koyi wankin a wajen nas har ta karɓe shi gaba ɗaya, takan zauna ta yi ta ɗiga ruwan gishiri a kan ƙyallen har sai ya saki da kansa, ko da zai ci mata rabin safiya. Wannan karon, da yake an cire ruɓaɓɓen ƙashin, wurin ya riƙa cikowa a hankali har ya rufe.

Amma magana ta bazu a dangi. A wajen suna, a wajen gaisuwar mutuwa, ana cewa matar wane tana da magani a hannu ta hana uwar mijinta har aka yanke mata ƙafa. Yatsa ya zama ƙafa a bakin mutane. Yaya ya daina cin abincin gidanmu. Yakan zo ya duba Hajiya, in an kawo masa tire ya ce a ƙoshe yake. Malama ba ta fasa durƙusawa ta gaishe shi ba, ba ta kuma fasa aika masa da tiren ba.

Ta aika da gutsuren faifan nan wajen abokiyar tata, wadda ke da ƙwayoyin fatar mutum da ake rainonsu a kwano. Bayan wani lokaci, wata ranar Lahadi da hantsi, ina zaune a baranda na ga ta amsa waya a gindin mangwaro. Ta daɗe tana saurare, ba ta cewa komai sai to, to. Da ta gama ta zauna a kan bokitin da aka kife. Na je na tsaya a kanta.

"Sun mutu," in ji ta. "Duk ƙwayoyin da suka taɓa shi sun mutu. Sinadarin bai fita ba."

Na tuna ranar nan a ɗakin Hajiya. Na zaro wayata na ce yanzun nan zan kira Yaya ya ji da kunnensa. Ta miƙe ta riƙe min hannu.

"Don Allah Alhaji, kar ka kira shi."

"Saboda me? Ya san abin da ya so a sa wa uwarsa. Dangi su san abin da kika tsare."

"Ranar ni ma ban san haka zai fito ba. Da ya fito lafiya ƙalau ma, ƙin da na yi shi ne daidai. In ka gaya masa, zai ɗauka don na yi sa'a ne. Kuma zai riƙa tuna cewa ya kusa cutar da Hajiya da bakinsa. Me zai yi da wannan? Tsoro ne ya sa shi, ba mugunta ba."

Na mayar da wayar aljihu. Abin da ya fi damunta a ranar ma ba Yaya ba ne, aikin shekara ne da ya koma farko. Ta ƙi cin abincin rana. Da yamma na same ta a tebur ta baza littattafai tana neman wata hanyar ƙarfafa zaren ba tare da wannan sinadarin ba.

Yaya bai ji wannan labari daga bakinmu ba. Hajiya ta warke ta koma Gama, tana takawa da sanda da wani takalmi mai faɗi da aka ɗinka mata. Da Babbar Sallah ta zo, muna tsakiyar aikin nama sai ga ɗan acaɓa da bokiti an rufe da buhu. Fatar ragon layyar Yaya ce, an wanke ta, an jera mata ƙanƙarar leda a sama da ƙasa. Saƙon da ya biyo ta gajere ne, a ba Malama ko za ta yi amfani. Ba ta aiki da fatar rago, ta akuya kaɗai take amfani da ita don kada sakamako ya riƙa bambanta. Ba ta faɗa masa haka ba. Ta kira shi ta yi godiya har da addu'a, ta soya nama ta aika masa. Da ya zo gaisuwar Sallah, ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Sabuwar hanyar da ta bi da zafi ake yin ta, a gasa faifan a hankali a cikin wata tanda da aka zuƙe wa iska. Ta ɗauki ɗalibai biyu mata masu neman digiri na biyu suna taya ta. An sake lalata fatu da yawa. Sai wata rana ta dawo daga aiki ko mayafi ba ta cire ba, ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci ta ce in zo. Hoto ne baƙi, cike da ɗige-ɗige kore masu haske, wasu dogaye kamar ƙwayar shinkafa, sun bi layi-layi sun zagaye wasu ramuka.

"Me nake kallo?"

"Korayen nan ƙwayoyin fatar mutum ne a kan faifan, duk masu rai ne. Ka ga yadda suka miƙe suka kama zaren? Sun shiga ciki sun zauna. Har sun hayayyafa."

Na daɗe ina kallo. Shekarata nawa ina juya fatar akuya a hannuna, ina duba huji da tabon wuƙa, ban taɓa tunanin akwai wurin zaman wani abu mai rai a cikinta ba bayan an yanka akuyar.

Daga nan aka ba ta izinin gwaji a kan ɓeraye, tare da wani likitan dabbobi. Hajiya ta fi kowa bin wannan labari. Duk Juma'ar da muka je gaishe ta, kafin ta tambayi jikokinta sai ta ce, "Amarya, ya masu jiki?" Malama ta ce suna samun sauƙi, Hajiya ta ce Allah ya ƙara afuwa, matan gidan su yi ta dariya. Ita da ta rayu tana sa a kashe ɓera a rumbu, ga ta tana yi musu addu'a.

Har yau da nake wannan rubutu, faifan Malama bai taɓa jikin mutum ba. Takardunta suna gaban hukumar da ke ba da izini, sun dawo mata da tambayoyi, ta amsa, sun sake dawowa da wasu. In na nuna gajiya sai ta ce aikinsu ke nan, da ba su tambaya ba da ta fi damuwa.

Kwanan baya ta gayyaci wata babbar nas da ta daɗe a sashen masu ƙuna, ta zo gida shan shayi bayan la'asar. Ta ce mata so take ta taɓa abin da hannunta, ta faɗi duk aibin da ta gani, kada ta ji kunya. Matar ba ta ji kunyar ba. Ta sa safar hannu, ta ɗauki faifai da hantsaki, ta jiƙa, ta ɗora a gwiwar hannunta ta lanƙwasa. Ta ce laushin ya yi. Amma ya yi ƙanƙanta, masu ƙunar gas da ruwan zafi da ake kawo musu, wani duk bayansa ne, wa zai tsaya jera tafin hannu tafin hannu? Ta ce gefen yana naɗewa in ya jiƙe. Ta ce ledar da aka sa shi a ciki ba ta buɗuwa da safar hannu, sai an sa haƙori, kuma ba a sa haƙori a ɗakin wankin ciwo.

Ina gefe ina jin kamar in ce wa baƙuwar ko ta san shekarun da aka yi kafin a kai nan. Na dubi Malama, sai na ga ta matso gaban kujera, idonta yana ƙyalli, tana cewa, "Sai kuma me? Faɗa min, Sista, sai me?" Ta tashi ta ɗauko tsohuwar jarida da almakashi ta miƙa mata, ta ce ta yanka mata girman da take so, na baya, na cinya, na hannun yaro. Suka duƙufa a kan tebur suna yanka takarda, shayin ya huce a kofi. Da aka kira magariba na tafi masallaci na bar su suna gardama a kan yadda za a yi wanda zai zagaye yatsu.